Ranar da Saje Ya Cire Hula a Tsakar Gidanmu

Shekarun baya, lokacin da garuruwan arewacin jiharmu ke faɗawa hannun 'yan ta da ƙayar baya, ƙanena yana cikin sojojin da aka tura can. Kurtu ne, bai jima da gama horo ba, kakin ma kamar ya ɗan yi masa yawa. Mu kuwa muna unguwar Dubeli a Jimeta, cikin Yola, ni da mahaifiyata da muke kira Dada, gidanmu maƙil da dangi da suka gudo daga ƙauyuka. Waya ba ta shiga inda yake, sai mu yi makonni ba mu ji ɗuriyarsa ba.

A wancan lokacin matan Jimeta sun haddace wata alama. Idan soja mai igiya a hannun riga ya yi sallama a gida, ya durƙusa, ya cire hularsa, to a fara shimfiɗa tabarmin makoki. Mun gani a layinmu, na gani a gidan ƙawata a Jambutu. Babu wanda ya koya mana, idonmu ne ya koya.

Wata rana da hantsi ina kan keken ɗinki, sai maƙwabciyarmu ta leƙo, fuskarta duk a kwaɓe. Ta kira ni yadda muke kiran babbar yaya, ta ce, "Adda, akwai soja a ƙofa, gidanku yake tambaya."

Ƙafata ta tsaya cak a kan keken. Dada ta ce a shigo da shi. Dogo ne, baƙi, igiya uku a hannu, takalmansa duk busasshen laka. Da jin Hausarsa ka san mutumin kudancin jiha ne. Ya zo gaban Dada ya durƙusa, ya sa hannu ya cire hula.

Ya ce, "Sannu Mama. Ni ne sajen yaronka. Yaronka ya riga mu..." Sai ya tsaya yana share gumi, yana laluben kalmar da zai ɗora.

To, wane mai jin Hausa ne bai san abin da ke biyo bayan "ya riga mu" ba? Gidan gaskiya mana! Ni da nake taƙama ni ce mai dauriyar gidan, ni ce na fara kurma ihu, na zube, ɗankwali ya yi nasa wuri. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika da mata. Wata ta jawo tabarma. Maƙwabciyar nan, wadda ta shekara tana kawo ƙarar ƙanena a kan mangwaronta, ita ce ke kuka tana faɗin ba a taɓa yin yaro mai amana irinsa ba. Bawan Allah yana ta ɗaga hannu yana cewa "Ku tsaya, ku tsaya," babu mai sauraronsa. Dada kaɗai ce ba ta yi kuka ba. Ta ƙanƙame carbinta tana kallon bakinsa.

Da ya ga abin zai gagara, sai ya miƙe tsaye ya daka mana tsawa irin ta filin fareti: "Yana da rai!"

Har kaji sai da suka watse.

Ya ce, "Haba jama'a! Ya riga mu dawowa Yola nake so in ce. Yana asibitin bariki, yana cin abinci, lafiyarsa ƙalau sai ƙafa."

Ban san lokacin da na fashe da dariya ba, ga hawaye shaɓe-shaɓe. Irin sanyin da na ji a raina ranar, har yau ban sake jin irinsa ba.

Da muka nutsu, ya koma ya durƙusa ya yi wa Dada bayani. Ya ce a daji, kowace safiya yakan sa yaransa su cire takalma ya duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, domin soja yakan ɓoye ciwo amma ƙafa ba ta ɓoyewa. A nan ya gano ƙanena ya taka wani ƙarfe, ya ɗaure da tsumma ya yi shiru, ƙafar ta kumbura har ta fara wari. Ya sa aka jefa shi a motar da ke dawowa gari.

"Ya yi kuka, Mama. Ya ce za a ce ya gudu. Na ce masa wannan oda ne. Likita ya ce da an ƙara jinkiri sai an yanke."

Dada ta ce, "To me ya hana shi aiko mana?"

"Kunya. Ka san garin nan, duk sojan da aka gani ya dawo, sai a ce gudowa ya yi. Shi ya sa na zo da kaina kafin wani ya kawo muku wata magana. Yaronka bai gudu ba. Ni na cire shi. In akwai zagi, nawa ne, a kawo mini."

Ashe a safiyar nan aka dawo da su hutu, ko gidansa bai leƙa ba, matarsa da 'ya'yansa na can suna jira. Dada ta hana shi tafiya sai da ya sha kunu. Da zai tashi ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma don Allah, in ka je wani gida, ka bar hularka a kanka." Ya sosa ƙeya ya ce su a garinsu ba a gaida uwa da hula a kai.

Bayan 'yan kwanaki ƙanena ya dawo gida yana ɗingishi. Babu wanda ya yi masa kallon banza, domin duk unguwa ta riga ta ji daga bakin sajensa, kuma da irin muryar da ba a mantawa.

Da can na ɗauka shugabancin soja tsawa ne da ba da oda. Mutumin nan ya nuna mini har da sunkuyawa a duba ƙafar na ƙasa da kai, da tsare masa mutunci a inda ba ya nan. Har yanzu in na tuna shi sai in yi masa addu'a, in kuma yi wa kaina dariya.

Yau ƙanena shi ma igiya uku gare shi, kuma yana zuwa gidajen yaransa kamar yadda aka zo namu. Yana cire hula, wannan bai bari ba. Amma ya ce mini tun daga bakin ƙofa, kafin ya yi sallama, yake ɗaga murya ya ce: "Mama, yana da rai!"