Hawainiyar Kaka da Kwanson Harsashi Biyar

A shekarar da sojoji suka yi bore a Bangui, dokar hana fita ta kulle mu a gida tun kafin magariba. Kakata, Iya Talatu, koko, wani ganyen miya na kurmi, take yankawa tana sayarwa a bakin titin Koudoukou. Da yamma takan zauna gaban murhu da wuƙarta, mu jikoki mu kewaye ta.

Wata rana ta kwance ƙunshin ganyen da ya zo daga kurmi, sai ga hawainiya a ciki, ba ta kai ɗan yatsana ba. Ruwan ƙasa ce, guntun wutsiya, kai ka ce busasshen ganye. Na ɗora ta a jan zane don ta rikiɗa, ta ƙi. Na taɓa ta, ta faɗi ta sandare.

"Ɗauke ta, maigidana na banza," in ji Iya. "Me ka ji?"

A tafin hannuna jikinta na karkarwa, amma ko ƙara babu.

Nan ta soma: ga ta nan, ku buɗe kunne. Kurciya ta ɓoye ƙwai a ƙarƙashin ganye, ƙaramar hawainiya na gadi, maciji ya zo nema. Babbar hawainiya ta koma launin maciji, ta nuna masa hanya da ido. Da ya isa ga ƙaramar, ya tambaye ta, shiru. Ya matse ta, ya gutsure mata wutsiya, tana rawar jiki, bakinta a rufe. Shi ya sa Allah ya tufatar da ita da ganye, har yau shaho ke wuce ta.

"Tsoro ba laifi ba ne," ta ce, idonta a kaina. "Baki ne laifi."

Na san abin da take nufi sarai. A ɗakin itacenmu ta ɓoye maƙwabcinmu, tela, ɗan ƙabilar da ake zargi da goyon bayan 'yan bore. Ni ne mai kai masa tuwo.

Bayan kwana uku na tona asirin telan ga wani abokina a unguwar Yakité, wanda yayansa ke yawo da masu bindiga. Ba wanda ya matse ni, ba wanda ya mare ni. Kwanson harsashi biyar ya ba ni, irin wanda muke tarawa muna busawa. Washegari da hantsi suka zo, suka ja telan a ƙasa, suka ture Iya kan murhu. Bai dawo ba. Iya ba ta sake yi mana tatsuniya ba har ta rasu.

Mutane kan ce mini, ai yaro ne kai. Wannan magana tana ƙona mini rai. Ina tsine wa waɗanda suka mayar da unguwarmu wurin farautar mutane, amma ban yarda su ɗauke mini nawa kason ba. An gaya mini, na gane, na sayar. Ina istigfari kullum, kuma matar telan tana nan da rai a unguwar Kokoro. Har yau ban iya zuwa na gaya mata ba. Inda ya kamata in yi shiru na yi magana, yanzu da magana ta wajaba, ga ni na sandare.