Alhaji Ila da ragon Holand

Jama'a, saura ƙiris in kwana hannun 'yan sandan Holand saboda rago.

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safiyar yau ne. Ni, da matata Hajiya Rabi, da Alhaji Ila na garin Rillieux, wanda ya sauka wurinmu a garin Montreuil ya ce sai ya bi mu mu ƙetare iyaka zuwa Holand ganin bakin teku. Tsarina a rubuce yake: na ɗaya hawan keke, na biyu hoto, na uku abinci.

Muna bisa ganuwar da ke tare ruwan teku, sai ga tumaki suna kiwo ba makiyayi. Alhaji ya yar da keken haya, ya tsallake shinge, ya cafke wani rago. Ya matsa gadon bayansa, ya buɗe masa baki yana duba haƙora.

Na ce, "Alhaji, nan ba kasuwar Tawa ba ce."

Ya ce, "Malam Sani, layya ta ƙarato, dubawa kawai nake."

Sai ga mai tumakin bisa tarakta, waya a kunne. 'Yan sanda suka iso, suka ce kowa ya fito da takardu. Ni kuwa takardar zamana tana préfecture, ofishin hukuma, ana sabuntawa, récépissé kaɗai gare ni, wato takardar wucin gadi. Awa biyu suna juya ta suna buga waya, Hajiya tana ta salati.

Da suka sake mu, ko haƙuri Alhaji bai ba ni ba. Cewa ya yi, "Ragon ma bai kai ba, ko shekara bai yi ba."

Mutanen Rillieux, wani ya zo Montreuil gobe ya ɗauki dattijonku. Motata ba zai ƙara shiga ba.