Gaisuwar da Ɓarawo Ya Datse

Da na yi ritaya daga aikin malamin gona a Talata Mafara, zaman gida ya gundure ni. Sai na fara naɗar muryata a waya ina koyar da renon irin shinkafar rani, mai so ya saya in tura masa. Uwargidana takan ce gaisuwata ta fi karatun tsawo. Ban taɓa rage ta ba, don a cikinta nake raba wa kowa nasa: "Ina gaida mutanen Bakura masu laka, wanga naku na. Na Maradun masu jigawa, ku dakata, naku na nan tahe."

Wani ɗan son banza ya kwashe karatun kaf, ya datse gaisuwar don kada a ji sunana, ya zuba a guruf ɗinsa yana sayarwa. Na samu labari, na yi ta cizon yatsa, ban san inda zan kamo shi ba.

Ranar kasuwa ina cinikin albasa, wani dattijo daga Damaga ta ƙasar Maradun ya tsinci muryata. Ko sallama bai yi ba.

"Kai na mai karatun waya? Ka ƙone min iri!"

Mutane suka fara taruwa. Duk tsawon aikina ba wanda ya taɓa cewa na ɓata masa gona, ga shi yau ana faɗa a tsakiyar kasuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce ya kunna abin da ya saurara. Muryata ce, ba musu, sai dai daga tsakiya ta faro. Awon takin ƙasar laka ne, shi kuwa ya zuba wa jigawa. Na kunna masa tawa daga farko. Da aka kai "masu jigawa, ku dakata", ya ture hula ya sosa ƙeya.

"Ashe ni anka ce in dakata, Malam."

Washegari na hau babur na bi shi har gonar, muka sake zuba iri tare. Kafin in taho ya buɗe guruf ɗin ɓarawon, ya kai wayar bakinsa ya ɗaga murya: "Jama'a, duk karatun da ba a gaishe ku ba na sata na, kar ku kai shi gona. Ni na kai, na gani."

Ina tsaye ƙafata duk ƙasa, wallahi ban taɓa alfahari da aikina kamar ranar ba. Ɓarawon ya cire dattijon daga guruf ɗin, amma saƙon ya riga ya zaga. Da irin ya fito kore shar, ni dattijon ya fara turo wa hoton.