Sunan da Burul Ta Hana a Raɗa

Burul ita ce ta biyar a ɗakin uwarta, kuma duk biyar ɗin mata ne. A makiyayar kan dutse aka haife ta, can bayan garin At-Bashi, cikin bukkar ulu. Mahaifinta Saginbai yana kiwon tumakin gonar gwamnati. Da aka fito aka gaya masa abin da aka samu, sai ya ɗaura wa dokinsa sirdi ya bi garke. Kakarta ce ta zaɓi sunan. Burul na nufin juya. Ba da jaririyar ake ba, da haihuwar ake, ta juya ta koma ta maza.

Kuma sai ta juya. Burul ba ta gama iya magana ba aka haifi namiji, Tilek. Saginbai ya yanka goɗiya, aka yi sukuwa, mutanen ƙauye suka ci suka sha, kowa ya tafi yana cewa sunan ya yi aiki. Daga nan duk gidan da mata suka jeru, sai a raɗa wa ta ƙarshe Burul. Kafin ta gama firamare akwai Burul ta bakin rafi, da Burul mai jan kumatu, da Burul 'yar maƙeri. Ita kuwa ana ce mata Burul ta asali. In an kawo amarya, ita ake ɗauka a ɗora wa amaryar a cinya don ta haifi maza, a cika wa Burul aljihu da alawa.

Ta ji daɗin alawar. Abin da bai yi mata daɗi ba ya zo daga baya. Tilek a bayanta ya girma. In ya faɗi ita ake duka, in ya yi tari ita ake harara. Uwarta takan ce, "Ke kika jawo shi, ke za ki riƙe shi." Da ta gama makaranta ta so zuwa birni koyon aikin jinya, aka ce gida ba zai iya ɗaukar karatun mutum biyu ba. Tilek ya tafi, ya dawo ya zama babba a ofishin gundumar. Ita ta shiga tatsar shanu a gonar gwamnati, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta binne miji. Tsawon wannan zamani ba ta taɓa musa wa ƙaninta magana a gaban mutane ba, ba ta ma taɓa tunanin za a iya ba.

Akwai kuma abin da ta gani a gidan maƙeri. Tasu Burul ɗin ba ta juya komai ba. Mata biyu suka biyo ta, uwarsu kuwa ta rame har ana ganin ƙashin wuyanta, amma ba ta daina ɗaukar ciki ba. A na ƙarshen ta tafi, ita da abin da ke cikinta. Yara suka riƙa bin yarinyar suna ce mata Burul ta ƙarya. Tana girma ta bar ƙauyen, aka ji ta canza suna.

Yanzu ba mai sa wa 'yarsa Burul. In aka kira sunan a layin asibiti, tsohuwa ce za ta miƙe tana dafa gwiwa. 'Yan mata sun koma Ailin da Ayana da Amina.

Ɗan Burul na ƙarshe, Adilet, yana aikin gini a Rasha. Matarsa Gulzat tana zaune da Burul a gidan ƙauye tare da 'ya'yanta mata biyu, waɗanda dukkansu da tiyata aka ciro su. Ciki na uku ya zo da wahala. Naƙuda ta taso da wuri, a tsakiyar sanyi, Adilet yana hanya bai iso ba, don haka Burul ce ta zauna a kan bencin asibiti.

Likitar mace ce, ba ta kai Adilet shekaru ba. Ta fito ta zauna kusa da ita ta cire hular kanta.

"Mace ce, kuma lafiyarta lau. Uwar ma ta tsallake, amma da ƙyar. Ina mijinta?"

"Yana hanya."

"To ke zan gaya wa, Inna. Mahaifarta ta yi laushi kamar tsohon tsumma. Na ɗinke abin da zan iya. In ta sake ɗaukar ciki, ba na jin za a kawo ta nan da rai."

Da aka bar Burul ta shiga, ta tarar Gulzat ta riga ta sani. Leɓɓanta sun bushe, ta kama hannun Burul da 'yan yatsu masu sanyi.

"Inna, kar ki gaya masa tukuna. Ki bari in miƙe da ƙafata, ni zan faɗa masa. In danginsa suka ji yanzu..."

"Ni ce danginsa."

"Kin san waɗanda nake nufi."

Burul ta sani. Ta yi mata alkawari.

Adilet ya iso ana gobe za a sallame su. Ya ɗauki jaririyar ya sumbaci goshinta, ya yi murmushin da bai kai ido ba. A mota ya ce ya riga ya kira Kawu Tilek, tunda mahaifinsa ba ya raye, shi ya kamata ya zaɓi suna. Burul ta ce to. Ba ta kawo komai a ranta ba, ta ɗauka Tilek zai ɗauko ɗaya daga cikin sunayen zamani da jikokinsa ke amsawa.

Ranar sunan aka yanka tunkiya. Tun hantsi gida ya cika, takalma sun taru a bakin ƙofa da ƙanƙara a jikinsu. Aka shimfiɗa ledar cin abinci daga wannan bango zuwa wancan, aka zuba soyayyen burodi da man shanu da busassun 'ya'yan itace. Gulzat tana kwance a ƙuryar ɗaki, labule kawai ya raba ta da baƙi. Tilek ya zo da doguwar hularsa fara, aka kai shi wurin zama na girma, nesa da ƙofa, aka ajiye masa kan tunkiya a gabansa.

Burul ce ta fito da jaririyar a naɗe. Liman, saurayi ne da bai daɗe da dawowa daga karatu ba, ya gyara zama. Matar Tilek tana tsokanar Adilet.

"Kai dai ka fara tara akwatuna. Mata uku, surukai za su cinye maka tumaki."

"Su kawo nasu tukuna," in ji shi. Aka yi dariya.

Tilek ya goge hannunsa ya ɗaga kai, ɗaki ya yi tsit.

"Mutanen yanzu suna ɗauko suna daga talabijin. Mu iyayenmu ba haka suka yi ba, in suka sa suna da dalili. Ga Yaya nan a tsaye, ga ni a zaune, ba sai na yi bayani ba. Da ba ta raye, da sunanta zan mayar, amma ba a mayar da na mai rai. Tunda tana raye, Allah ya ƙara mata kwana, yarinyar nan sunanta Ulkelsin."

Namiji ya zo, ma'anarsa ke nan. Tsofaffi suka gyaɗa kai. Wata ta ce rabon da ta ji sunan tun tana budurwa. Liman ya miƙo hannu zai karɓi jaririyar.

Burul ba ta miƙa ba. Ta ji motsi a bayan labule, kamar an yi yunƙurin tashi an kasa. Ta san in sunan nan ya shiga kunnen yarinyar, duk safiya za a kira shi a tsakar gida, kuma duk kira tambaya ce ga uwar. Gulzat ba za ta jure ba. Za ta haɗiye maganar likita ta sake gwadawa.

"Ba wannan ba," in ji Burul.

Muryarta ba ta fita sosai ba, har liman ya ce, "Na'am, Inna?"

"Na ce ba wannan ba. A nemi wani."

Matar Tilek ta yi 'yar dariya don ta rufe zancen. "Yaya kishi take, ba ta son a samu wadda za ta ƙwace mata sarauta."

Ba wanda ya taya ta. Tilek ya dubi yayarsa kamar bai gane ta ba.

"Yaya, kira na aka yi. Ban kawo kaina ba."

"An kira ka, ka kuma zo, mun gode. Ka zaɓi wani, duk wanda ka so."

"Na zaɓa. Me ya same shi?"

"Ya tsufa."

"Ni ma na tsufa, ga shi an ba ni kan tunkiya." Ya ture farantin kaɗan da bayan hannu. Ya daɗe a ofis, ya san yadda ake matsa mutum ba tare da ɗaga murya ba. "Yaro matashi, matarsa matashiya, muna roƙa musu namiji. Wane ne zai ƙi wannan? Sai dai in akwai abin da ba mu sani ba."

Ya juya ya kalli labulen. Mata biyu suka bi idonsa. Adilet ma ya juya.

Gumi ya tsattsafo wa Burul a ƙarƙashin ɗankwali. Jaririyar ta fara motsi a hannunta. Kalma ɗaya za ta faɗa a gama, kowa ya ba ta gaskiya, amma kafin magariba labarin ya zagaye ƙauye, gobe kuma a fara kawo wa Adilet shawara. Dole ta ba su wani abin da za su kalla ba labulen ba.

"Ba abin da ba ku sani ba," ta ce. "Ni ce ba na so. Shekara sittin da ɗoriya ina amsa kira, kuma ba ni ake kira ba, kai ake kira. Tun ban san hannun damana ba, duk wanda ya buɗe baki ya ce Burul, cewa yake ke ba ke muke jira ba, matsa. Na matsa. Na matsa maka a cinyar Inna, na matsa maka a makaranta. Ban taɓa faɗa ba. Wannan ba za ta matsa wa kowa ba."

Tana faɗa tana jin abin ya fi ƙarfin dabarar da ta yi niyya.

Fuskar Tilek ta yi ja har wuya. "Ashe haka kika riƙe ni."

"Kai ban riƙe ka da komai ba. Ba kai ka sa min ba."

"A gaban mutane, Yaya."

"A gaban mutane ka faɗi naka."

Ya juya wajen Adilet. "Kai ne uba. Ka yi magana."

Adilet ya sunkuyar da kai yana murza gefen ledar. Kawun nan ne ya samo masa takardun tafiya Rasha, shi ya tsaya masa a aurensa. Burul ba ta kalle shi ba, don ta san in ta kalle shi zai ga roƙo, kuma zai tambayi dalili.

"Kawu, ka yi haƙuri," ya ce a ƙarshe. "Ban taɓa jin Inna ta ce ba ta son abu ba. Yau ta ce."

Tilek ya miƙe a hankali, ya gyara hularsa. Sai da ya ratsa ɗakin gaba ɗaya kafin ya kai ƙofa, mutane suna janye ƙafafu. Matarsa ta bi shi tana laluben mayafi. Aka ji motarsu ta ƙi tashi, ta sake ƙi, sannan ta tashi.

Liman ya rasa inda zai sa idonsa. Ya karɓi jaririyar, ya yi kiran salla a kunnenta da murya ƙasa-ƙasa, sannan ya ɗago yana jira. Sai a lokacin Burul ta tuna ba ta tanadi komai ba. Kanta fayau. Duk ɗaki ita ake kallo.

"Bermet," ta ce.

Lu'ulu'u ke nan. Liman ya faɗa a kunnen yarinyar, aka shafa addu'a. Wasu suka ci nama sama-sama suka tafi. Da aka tambaye ta daga baya inda ta samo sunan, ta ce ita ma ba ta sani ba, ta dai ga ba ya roƙon kowa komai.

Ƙauye ya yi wata guda yana tauna maganar. Aka ce tsufa ya fara taɓa ta, aka ce dama can hassadar ƙaninta take. Ba wanda ya ambaci Gulzat. Burul ta ci gaba da zuwa shago da ɗiban ruwa, tana amsa gaisuwar da aka rage mata tsawo.

Gulzat ta gaya wa mijinta maganar likita lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, ana saura kwanaki ya koma Rasha. Bai yi faɗa ba. Ya fita ya wuni yana gyaran katangar garke da ba ta lalace ba. Ya tafi Rasha, wayarsa ta yi ƙaranci, har Burul ta fara kwana da fargaba. Da kaka ya dawo da kayansa duka, ya ce ya gaji da ƙasar mutane, ya sayi tsohuwar babbar mota yana dakon ciyawa da gawayi. Maganar namiji ba ta sake fitowa daga bakinsa ba, ko da yake in maƙwabta suna wasa da 'ya'yansu maza a kan doki, yakan tsaya ya kalla fiye da kima.

Tilek bai zo bikin fara tafiyar Bermet ba. A jana'izar babbar yayarsu suka haɗu. Bayan an watse ya zo ya tsaya kusa da ita a bakin katanga, ya tambayi gwiwarta, ta tambayi hawan jininsa. Har yau bai san abin da likita ta faɗa ba, Gulzat ta ce a gaya masa, Burul ta ce ba ruwansa da cikin matar mutane. Da zai tafi ya ce akwai maganin gwiwa da wani ya kawo masa daga birni, zai aiko direba da shi. Ya aiko, kwalba biyu, da ɗan rago a bayan motar, ba tare da saƙon ko na wane ne ba.