Tsohon da Ake Rububin Jininsa

A ɗakin jira na asibitin masu kitse a jini, nan garin Chicoutimi na ƙasar Kanada, wani tsoho yana zaune daura da ni. Zai kai tamanin da biyar. Yatsunsa kamar saiwa, da gani ya sha saran itace a daji. A cinyarsa akwai ledar soyayyen dankali da cuku, yana shafa ta, jira yake a ɗebi jininsa ya far mata.

Ni shekarata ashirin da huɗu. Ciwon zuciya ya kayar da babana yana arba'in da ɗaya, yau za a gaya mini ko na gaje shi. Wata shida ina cin ganye kamar zomo.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo, baki har kunne. "Kaka Gaudreault! Masu bincike tun safe suke cigiyarka."

Na ce, "Kaka, zuma ce a jijiyarka?"

"Wai akwai wani ɗan dako a jini, ɗana, mai kwashe kitse mai kyau ya kai wa marar kyau. Nawa malalaci ne, ko tsinke ba ya ɗagawa. Sai mai kyan ya taru, ya yi ɓul-ɓul."

Ka ji fa! Ni lalaci ya sa aka kore ni daga makaranta, shi kuwa a kansa ake lallaɓa shi.

Ya miƙe ba tare da dafa kujera ba, yana naɗe hannun riga.

Na ce, "Kaka, in sun rage jinin, a sam mini kofi ɗaya."

Dariya yake har ya shige. Ni da ma'aikaciyar ta dawo kiran sunana, takarda ta kalla, ba fuskata ba.