Rahoton da Na Ɓoye Sunan Abuna

Har in bar aikin nan ba zan manta da ranar da na shiga dair, gidan ibadar Kirista, a Alƙahira ba. Ku da kuka zo bayana kuna ganin lemon mashtal ɗinmu, wurin rainon dashe, kore shar, ba ku san inda aka samo maganinsa ba.

Lokacin ina mushrif, wato mai kula da ma'aikatan lambu, a kamfaninmu na rainon itatuwa kusa da Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu ta Jidda. Shekara biyu lemonmu yana mutuwa, gishirin ruwa yana ƙone ganyen. Har an fara zancen rufe sashen, alhali yawancinmu iƙamarmu, takardar izinin zama, a hannun kamfanin take. Mudir, shugaban kamfanin, ya tura ni Masar wurin dillalin da ke sayar mana da dashe.

Dillalin ya ce shi ciniki ya sani, amma akwai wanda ya san ƙasa. Ya sauke ni a wani lungu tsakanin garejojin makanikai, gaban wata ƙaramar ƙofar ƙarfe. Sai da na shiga na ga gicciye a saman ginin. Dair ke nan, gidan da malaman Kirista ke keɓe kansu don ibada. Ni haifaffen unguwar Sa'alaba a Jidda, ban taɓa taka irin wurin ba.

Bayan katangar kuwa lambu ne: inabi, ruman, zaitun, ga lemo ya yi 'ya'ya har reshe na taɓa ƙasa. Wani tsoho cikin baƙar riga, gwiwoyinsa duk laka, ya tarbe ni. Abuna suke ce masa, wato babanmu. Ya kawo mini zoɓo mai sanyi. Na karɓa, amma zuciyata ta ƙi. Da ya juya baya na tuttule shi a gindin wani dashe.

Ashe ya gani. Ya yi murmushi ya ce, "Ya ibni, ɗana, wannan itaciyar ba ta son sukari. In kawo maka ruwa?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Shi ko bai sake ta da maganar ba. Ya zaunar da ni ya koya mini yadda ake yi wa lemo aure a kan saiwar da ke jure gishiri, da yadda ake ban ruwa mai yawa lokaci guda don a kora gishirin ƙasa. Ya riƙe hannuna da wuƙar har na iya yankan. Da azahar ta yi, shi ya shimfiɗa mini tabarma ya nuna mini alƙibla.

Na dawo Jidda. Ƙa'idar aiki ita ce duk wanda aka tura waje ya rubuta inda ya je da wanda ya gana da shi. Ni sai na rubuta "wata cibiyar noma". Tsoro nake a ce ni Usman na shiga coci.

Dashen ya kama, sashen ya tsira, aka yi ta yaba mini. Wata rana mudir ya kira ni ofis ya ce, "Ya Usman, ba ni sunan cibiyar nan, mu aika musu takardar godiya."

Na faɗa masa gaskiya duka, har zoɓon.

Ya ce, "Shi bai ji kunyar koya maka ba, kai ka ji kunyar faɗin sunansa? Halas, shi ke nan. Sake rubutawa."

Na sake rubutawa, aka aika takardar. Amsa ta dawo daga dair ɗin cewa Abuna ya rasu wata biyu kafin nan.

Aikin lambu hannu da hannu ake koyonsa, kuma ba kai ke zaɓen hannun da zai koya maka ba. Don haka duk wanda na tura waje, ya rubuto mini sunan wanda ya koya masa, tun mutumin yana da rai.