Kawu Tamba da Turken da Na'urata Ta Tsallake

Ranar Talata, 28 ga Oktoba, 2025, ina ofis a Birnin Kebbi aka kira ni daga Augie cewa Allah Ya karɓi ran ƙanin mahaifiyata, Malam Tamba mai awon gona, bayan jinyar kwana huɗu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kafin motar da na shiga ta wuce Argungu har an kai shi makwancinsa.

Kawu, shekara arba'in ka yi kana mayar wa mutane iyakokin gonakinsu. Duk shekarar da ruwan Rima ya hau fadama ya share kunyoyi ya tafi da turaku, kai ake jira. Ba ka da takarda, ba ka da tabarau, sai igiya da sandarka da kuma tambaya. Ban taɓa ganin mai son tambaya kamarka ba. Ka taɓa tsare mai gyaran famfo tun hantsi har azahar don ya gaya maka abin da ke sa ruwa hawa bututu, mutumin ya tafi ko kuɗin aikinsa bai tsaya karɓa ba.

Bara ƙungiyar manoman shinkafa ta unguwarku ta roƙe ni in haɗa mata manhajar da za ta zana taswirar filinta. Aka bi turaku ashirin da uku da waya, aka ɗauki matsayin kowanne. Na zuba wa kwamfuta, ta haɗa ɗigogin yadda aka kawo su, sai ga zane ya fito a harɗe kamar zaren da kaza ta shiga. Na kawo maka da nufin mu yi dariya. Ba ka yi dariya ba, ka ɗauki sandarka ka ce mu tafi gona.

Ka tsayar da ni a turken da ya fi kowanne kusa da kudu. Ka ce in fuskanci gabas, in miƙe hannu, in riƙa juyawa hagu a hankali, duk turken da hannuna ya nuna in kira shi. Da na gama juyawa zuwa yamma, turakun nan sun jeru a bakina ɗaya bayan ɗaya. Sannan muka bi su da ƙafa. Ka ce muddin muna karkata hagu muna kan iyaka, amma turken da ya sa muka karkata dama, na cikin gona ne, a bar shi. Ashe wannan ita ce hanyar da aka koya mana a jami'a: a jera ɗigogi bisa kusurwarsu daga ɗigo na ƙasa, sannan a zagaye su kamar an ɗaure su da igiya. Mu mun sha wuya a allo kafin mu gane, kai kuma kana yi kana cin goro.

Daga nan tambaya ta dawo kaina. Ka ce, "Ita na'urag ga, da ba ta da hannu, ƙaƙa taka sanin hagu da dama?" Na tsuguna na zana maka a ƙasa: tana ninka lambobi biyu-biyu, ta ɗebe wannan daga wancan. In abin da ya rage ya haura sifili, hagu ne. In ya gaza, dama ne. Ka sa na maimaita sau uku, ka gwada da kanka da tsinke, ya fito daidai, ka yi ta murna kamar an yi maka haihuwa.

Sai ka ce, "In sihili ɗin ne yah hito hwa?" Na ce ai turaku biyu ke nan a layi ɗaya da hannun mutum, sai a fara da na kusa. Ka girgiza kai. "Wurin hita, i. Amma in kina komowa gida, ɗiyata, na nesa kika hwara iskewa." Na ce to, Kawu. A raina kuwa cewa na yi da wuya hakan ta faru, na koma Birnin Kebbi ban gyara komai ba.

Na manta cewa a fadama kunyar da ke tare ruwa miƙaƙƙiya ce. A gefen yamma na filin turaku uku ne a kanta reras. Manhajata ta kira na kusa kafin na nesa, ta ga kamar an karkata dama, ta jefar da na tsakiya. Shi ne turken da ya raba gonar Ummu Hani, matar marigayi Sama'ila, da ta wan mijinta Hammadu. Zanen ya yi kyau, kowa ya yaba, ni ma ban ƙirga ba.

Bana ruwa ya zo ya tafi da turaku, kai ma ka tafi. Ranar addu'ar bakwai Ummu Hani ta ja ni gefe ta ce Hammadu na cewa iyakarsu ta wuce inda ta sani da taku goma sha biyu. Ba mugun mutum ba ne, haka ya tuna. Amma taku goma sha biyu a bakin ruwa su ne abincin 'ya'yanta huɗu. An buɗe taswirar ƙungiya, babu turken. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na koma na binciko lambobin farko, na juya jerin layin ƙarshe kamar yadda ka ce, turken ya dawo. Ranar Asabar muka shiga fadama, laka har idon sawu, na bi waya na tsaya inda ta nuna. Hammadu ya ce shi bai yarda da waya ba, kuma ban ga laifinsa ba, tunda ita ta ɓatar da turken tun farko. Sai wani dattijo ya ce a haƙa, domin Tamba ba ya kafa turke sai ya binne fasasshiyar tukunya a ƙarƙashinsa. Ni 'yarka ban san wannan ba. Aka haƙa kamu biyu babu komai. Aka matsa taku ɗaya, fartanya ta yi ƙara. Hammadu ya ɗaga guntun tukunyar ya daɗe yana kallo, sannan da hannunsa ya kafa sabon turke a wurin.

Kawu, ka yi mini tambayoyi sun fi ɗari, ni kuwa guda ɗaya da ta kamata ban yi maka ba: wa ya koya maka tsayawa a kudu ka juya hagu? Na tambayi dattawan Augie, kowa ya ce haka ya gan ka kana yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Inna Ɗayyaba da 'ya'yanka Munzali da Zainabu, da mahaifiyata, da manoman fadamar Augie. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah, bawanka Tamba bai taɓa matsar da turken kowa ba ko da taku ɗaya. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi iyakar ganinsa. Amin.